Ƙwan Salwa da Lissafin Zabuwa

Filibus, Lidiya, Irimiya, ku taso daga bencin baya ku matso nan inda zan ga idanunku. Ku uku nake kira, ko da yake duk ajin manya zai ji. Ban damu da a ji ba, gama abin da yake cin gidana yana cin gidaje da yawa a cikin wannan ikilisiya, sai dai kowa ya kife tukunyarsa.

Maganar kun san ta. Babanku yana kwance tun bara, ɓarin jikinsa ya shanye, sai an juya shi, sai an ba shi a baki. 'Ya'yanku biyar kuma suna hannuna, kowa ya kawo nasa ya ajiye ya koma birni wurin aiki. Na faɗa muku a waya cewa abin ya fi ƙarfina, kuka ce, "To, Mama." Na faɗa muku a ɗaki, kuka ce za a duba. Da Fasto ya ce in shirya darasin yau, na kuma ga kun zo sujadar godiyar kaka ta girbin bana dukanku, sai na ce madalla. Wanda bai ji a ɗaki ba ya ji a aji. Ga misali.

Akwai wani mutum, manomi, yana zaune da matarsa a wani ɗan ƙauye. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya sha, ba ya taɓa kayan kowa, amma Allah bai ba shi zama ba. In ya shuka yau, jibi sai ya tone ya ga ko ta tsira. In an ɗora tuwo, shi ne mai leƙen tukunya.

A wata shekara annoba ta shiga kajin garin, ta bi akurki akurki tana sharewa. A gidan mutumin nan kaza ɗaya ce ta tsira, wata tsohuwa wake-wake, ta matarsa. Ba ta da kyan gani, wuyanta ma duk ya tuje, amma wajen kwanci babu irinta a unguwar. Ta sha fitar da 'yan tsaki, ta sha renon 'yan zabi da aka sa mata, ba ta taɓa tashi ta bar ƙwai ba. A kanta matar ta ɗora rai, cewa daga gare ta za a sāke tayar da kaji a gidan.

Wata ranar kasuwa mutumin ya ga wani mai tsuntsaye da keji cike da wasu ƙanana masu launin ƙasa, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, suna ta kai da kawowa kamar an zuba musu garwashi. Ya tsaya ya ce, "Malam, makwarwa ce ta ƙi girma?"

Mai tsuntsaye ya ce, "Salwa ke nan, maigida. Kafin wata biyu ta fara ƙwai, kuma kusan kullum sai ta yi. Kaza tana can tana shawara, wannan ta cika maka kwano. Ga nama kuma."

Da mutumin ya ji "kafin wata biyu," sai abin ya shiga ransa. Mai tsuntsaye ya koya masa yadda ake gane su: macen mai ɗigo-ɗigo a ƙirji, namijin kuwa ƙirjinsa ja-ja ne. Ya ce, "Namiji ɗaya ya ishi mata huɗu. In ka tara maza a keji ɗaya, za su fasa wa juna kai kamar 'yan gado. Ka kuma sa buhu a cikin rufin, gama in ta firgita sama take yi tsaye kamar an harba ta."

Mutumin ya saya, ya kawo gida a kwali. A ƙuryar gida kusa da rumbu ya haɗa keji na katako da raga, ya ɗaga shi a kan dogayen ƙafafu saboda ɓera, ya tsoma kowace ƙafa cikin gwangwani mai toka saboda kwarkwasa. Ya ɗan karkata ƙasan kejin domin ƙwai ya riƙa gangarowa gaba. Ya liƙa buhu a rufi, ya sa musu kasko da yashi na wanka, ya haɗa dusa da niƙaƙƙen gero da waken suya. A wuni ɗaya ya gama, gama aikin da ake yi a tsaye bai taɓa gagararsa ba.

Matar ta zo ta tsaya tana kallon tsuntsayen. Wannan ta zaga nan, waccan ta tsallake 'yar'uwarta, babu mai tsayawa ko na haɗiyar yawu. Ta ce, "Maigida, a ina ka tsinto danginka?"

Ya ce, "Ki yi dariya. Ranar da za ki ci ƙwai zan tuna miki."

Haka kuwa aka yi. Ba a daɗe ba ƙwai ya fara gangarowa, ƙanana masu zane, babu biyu da suka yi kama da juna. Aka dafa, aka soya. Aka yanka mazan da suka yi yawa cikin waɗanda ya sayo aka yi farfesu, maƙwabta suka shigo kallo, wasu har da neman na magani. Mutumin ya kwanta yana ganin kejinsa ɗaya ya zama biyar, biyar sun zama goma. Abin da ya rage kawai shi ne su ƙyanƙyashe.

Ya yi musu gurbi da ciyawa mai laushi a kusurwar keji, ya jera ƙwai a ciki, ya jira. Babu wadda ta ko dube shi. Salwa takan saki ƙwanta duk inda ya kama ta, a cikin abinci, a bakin ruwa, wani lokaci ma tana cikin tafiya, ta tsallake shi ta wuce ba waiwaye. Ya kama ɗaya ya danna ta a kan gurbin. Yana sakinta ta yi sama ta bugi buhu. Ya kama wata, ita ma haka.

Ranar kasuwa ya koma wurin mai tsuntsaye, ya ce, "Malam, ka sayar mini da marasa tarbiyya. Suna haihuwa, ba su kwanci."

Mai tsuntsaye ya yi dariya ya ce, "Salwar keji ba ta kwanci, maigida. A inji aka ƙyanƙyashe ta, uwarta ma haka. Ba ta san ɗumin uwa ba, ina za ta samo shi ta ba wani? Ko dai ka sayi injin ƙyanƙyasa, ko ka ba kaza."

Inji sai da wuta, a garinsu kuwa wuta baƙuwa ce. Sai mutumin ya ce, "Kaza? Wato kamar yadda ake yi da zabuwa."

Mai tsuntsaye ya ce, "To, kusan haka, sai dai…" Daidai nan wani ya zo ciniki, ya juya gare shi. Mutumin kuwa ya riga ya ji abin da yake so ya ji. Bai jira ƙarshen magana ba, ya kama hanya.

A kwanakin nan tsohuwar kaza ta riga ta bi zakaran maƙwabta, ta tara ƙwanta a gurbi a gindin rumbu. Ranar da ta kumbura gashi ta hau kai za ta fara kwanci, sai ga mutumin da ƙwarya cike da ƙwan salwa.

Matar ta tare shi ta ce, "Ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Wurin mai aikin."

Ta ce, "Ƙwan da ke ƙarƙashinta su ne kajin gidan nan, babu wasu. Ka bari ta fitar da nata. Kwanci na biyu naka ne."

Ya ce, "Kwanci na biyu sai yaushe? Sai ta fitar, ta yi reno, ta yaye, ta sāke tarawa? Ke, saurara ki ji lissafi. Tun muna yara muke sa wa kaza ƙwan zabi. Tsuntsun daji ya fi na gida daɗewa a cikin ƙwai. Shi ya sa ake fara sa nasa, bayan mako guda a ƙara na kaza, su fito rana ɗaya, 'yan tsaki su koya wa baƙin ci da sha. Salwa ai 'yar daji ce. Haka za a yi."

Ta ce, "Wa ya gaya maka ita ma haka take?"

Ya ce, "Sai an gaya mini? Dubi zanen jikinta mana."

Ta ce, "Taura biyu ba ta taunuwa, maigida."

Ya ce, "Ba tauna za ta yi ba, kwanciya ce kawai."

Ya kwashe ƙwan kazar ya adana a ƙwarya cikin dusa a wuri mai sanyi, ya jera mata na salwa. Kaza ba ta tambayar ƙwan wane ne. Ta dube su da ido ɗaya, ta jawo su da baki, ta zauna. Bayan mako ya mayar mata da nata. Ta buɗe fukafukai ta rufe duka, manya da ƙanana.

Ta yi ta kwanci. Sau ɗaya a wuni take fitowa, ta kurɓi ruwa, ta tsinci 'yar tsaba, ta koma da gudu. Tukkunta ya koɗe, ƙirjinta ya zube. Mutumin kuwa ba ya iya wuce gindin rumbu bai tsuguna ba. Ya ɗaga ta ya leƙa, ta sare shi a hannu, ya ajiye, an jima ya dawo.

Wata safiya, da sauran lokaci mai yawa bisa ga lissafinsa, sai ya ji wani siririn kuka daga gurbin. Ya ɗaga kazar. Ga wasu 'yan abubuwa nan sun fito, kowane bai wuce babban yatsa ba, da zane a baya, suna motsi kamar fāra. Ya yi murna, ya buɗe baki zai kira matarsa, sai ya fasa. Ya dubi manyan ƙwan nan farare, shiru, babu ko tsaga. Ashe salwa ba jinkiri take yi ba, riga kaza take yi. Ga shi kuma da hannunsa ya ƙara mata mako guda a gaba. Ƙwan kazar kuwa da ƙyar suka kai rabin hanya.

Ɗan tsako in ya fito yakan yi lamo a ƙarƙashin uwarsa ya jira 'yan'uwa. Ɗan salwa kuwa gashinsa na bushewa, ƙafarsa ta kama ƙasa. Kafin rana ta ɗaga sun watsu a tsakar gida kamar an zubar da duwatsun tsakiya. Kazar ta kira su da kiran da take yi wa 'ya'ya, ba su san harshen ba. Ta tashi ta bi su taku biyu, ta waiwayi gurbi, ta koma ta zauna. Ta ji ɗaya yana kuka a bayan turmi, ta sāke tashi. Ta tara uku a ƙarƙashin fiffike a tsakiyar fili, ta tuna da ƙwai, ta kwasa da gudu, ukun suka fita ta baya. Haka ta wuni, ba ta zauna ba, ba ta tafi ba.

Matar ta ce, "Maigida, ka raba mata gardama. Hanya biyu ce. Ko ka kwashe 'yan salwan nan ka yi musu kwali da fitila, ka zauna a kansu kai da kanka har su yi gashi, ita ta gama kwancinta. Ko kuwa a ɗauki ƙwan nan tun da ɗuminsu a kai wa maƙwabciyarmu, kazar da ta sayo tana kwanci, in sun fito mu raba. Ita kuma wannan ta ji da reno."

Mutumin ya juya maganar a ransa. Ta fari tana nufin ya zauna wuri ɗaya, yana gyara lagwani, yana taɓa kwali ko ya yi zafi ko ya yi sanyi, kwana da kwanaki. Ta biyu tana nufin ya shiga gidan maƙwabci da ƙwarya a hannu, gari ya ji cewa mai salwa ya yi wa salwa lissafin zabuwa. Babu wadda ta yi masa daɗi. Sai ya ce, "Bari mu ga gobe. Kaza ce, ta san aikinta. Zabi nawa ta rena a gidan nan?"

Matar ta sunkuya ta fara tsintar 'yan salwa tana sawa a bakin zane. Ya ce, "Ajiye su. Sanyi zai kashe su, uwa ta fi fitila." Ta ajiye. Ta ɗauko ƙwarya ta nufi gurbi. Ya ce, "Waɗannan ƙwan kuma ba za su fita ƙofar nan ba."

Ta ce, "Ƙwan nawa ne."

Ya ce, "Gidan nawa ne."

Gobe ta zo. Aka tarar da 'yan salwa biyu a cikin kaskon shan ruwa, ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba ya cinye su. Mutumin ya ruga ya kwaso tsakuwa ya zuba a kaskon. Wasu suka fice ta ƙarƙashin zana, ya ruga ya toshe da laka. Shirwa ta gano gidan, ta fara shawagi, ya ɗauki sanda ya yi ta zagaya tsakar gida yana kora. Ya tafi jeji ya haƙo gara ya kawo musu. Ya niƙa gero ya sāke niƙawa. Ya kewaye gindin rumbu da karare, kazar ta firgita ta taka ɗaya ya mutu, ya sāke kwance kararen. Daga fitowar rana har fāɗuwarta bai zauna ba. Wanda ya leƙo ta katanga zai ce duk garin babu mai kula da dabba kamarsa.

Da yamma matar ta ce, "To, mun ga gobe."

Ya ce, "Ba ki ga yadda nake fama ba? Bari mu ga jibi."

Jibi ta zo, gata ta zo. Kazar tana nan tsakanin gurbi da fili, ta daina ko tsayawa shan ruwa. In ta zauna, kunnenta yana waje. In ta fita, idonta yana gurbi. Ƙwan su yi ɗumi su huce, su yi ɗumi su huce. 'Yan salwa kuwa kullum sai an rasa wani, har suka kasa cika yatsun hannu ɗaya.

Lokacin fitar ƙwan kaza ya yi, ya wuce. Shiru. Matar ta sa hannu ta ɗauki ɗaya, ta kai kunne ta girgiza, ta ji ruwa yana kaɗawa. Ta ɗauki wani, haka. Ta ce, "Baragurbi." Mutumin ya ƙi yarda, ya karɓi wanda ya fi nauyi ya fasa a kan dutse. Ga ɗan tsako nan a naɗe, da bakinsa, da ƙafafunsa, har da gashi. Kaɗan ya rage masa, sanyi ya cim masa a hanya.

Aka share gurbin. Kazar ta zo ta duba, ta fita, ta tsaya a tsakiyar fili kamar wadda aka kira ta ta manta wa ya kira. Aka watsa mata tsaba ba ta ci ba. Da matar ta ɗauke ta, sai ta ji kamar faifai ta ɗauka. Kafin sabon wata ta mutu, iri ya ƙare a gidan.

Mutumin ya tsaya a kanta ya ce, "Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina."

Matar ta ce, "Ƙoƙari kam ka yi, maigida. Shawara ce ba ka yanke ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, kuma ba zan naɗe ta a ganye ba.

Salwa ku ne, 'ya'yana, da tsararku. Ban zage ku ba. Salwa tsuntsuwa ce mai albarka, ba ta da ƙyuya, mun ci moriyarku, muna kuma ci. Amma zamanin da kuka tashi a ciki bai koya muku zama ba. Aiki yana can, haya tana can, mota ba ta jira. Kun haifi 'ya'ya masu kyau, kuka waiwaya ba ku ga inda za ku zauna a kansu ba, sai kuka tuna akwai wata tsohuwa a gindin rumbu.

Kazar ni ce. 'Yan salwa jikokina ne, ina kuwa sonsu, kada wani ya fita nan ya ce Mama ta gaji da jikoki. Amma harshensu daban, ƙafarsu daban. Ina kira, suna gudu. Ƙwan kaza kuwa babanku ne. Ba ya kuka, ba ya gudu, ba ya jan zanen kowa. Yana kwance shiru, abin da yake bukata kawai mutum ya zauna kusa da shi. Irin wannan shi ake fara mantawa, gama mai ƙara shi ake fara ji.

Ranar Alhamis da ta wuce ina cikin juya babanku, na kai shi rabi, sai na ji jikata Godiya tana ihu cewa ƙaninta ya hau bakin rijiya. Irimiya, ɗanka nake nufi. Na saki babanku na fita, da gwiwoyin nan da kuka sani. Na kamo yaron ta riga. Da na dawo ɗaki, na tarar babanku ya kife, fuskarsa a cikin matashi, ba ya iya ɗaga kai, yana ta kokawa da numfashi. Da na daɗe kaɗan, da ba godiyar kaka ce ta kawo ku ba. Da kuwa na tsaya na gama juya shi, ban san abin da zan faɗa wa Irimiya ba. Wannan rana ɗaya ce na ba ku labari. Sauran na riƙe.

Mutumin nan kuma ku ne, sa'ad da kuka haɗa kai kuna shawara. Lissafin zabuwa shi ne maganar nan da kuke yi: "Ai Mama ta saba. Ta rene mu, ta riƙe 'ya'yan ƙanwarta, ta riƙe na maƙwabta." Gaskiya ne, na riƙe. Amma a lokacin babanku yana tsaye da ƙafafunsa, ni ma ina iya ɗaukar tulu ban dafa bango ba. Kun ɗauki abin da ya yiwu jiya kuka auna yau da shi, ba ku tsaya kun ji ƙarshen magana ba. Matar da ke cikin misalin kada ku neme ta da nisa. Lidiya ta taɓa faɗa muku cewa abin nan ba zai yiwu ba, kuka ce ta cika baki. Ke ma Lidiya kada ki gyara zama. Kin faɗa, aka ce ki yi shiru, kika yi shiru, kika kuma kawo naki biyun.

Tsakuwar kasko, da lakar toshe zana, da sandar korar shirwa, su ne abubuwan da kuke aikowa. Magani yana zuwa, shinkafa tana zuwa, Filibus ya aiko da keken guragu, waya kuma ba ta hutawa: "Mama, yaya Baba? Mama, yaran sun ci?" Na gode, Allah ya sāka. Duk mai kallo daga katanga zai ce babu 'ya'ya kamar nawa. Amma keke ba ya tura kansa, waya kuma ba ta juya majinyaci. Mutum yana iya cika wuni da hidima domin kawai ya guje wa abu ɗaya da aka ce ya yi. Akwai rashin zaman da ƙwazo ne, akwai kuma wanda gudu ne ya sa rigar ƙwazo.

Ku kuma sauran 'yan aji, na ga kuna gyaɗa kai kuna satar kallon 'ya'yana. Ku mayar da idonku gida. Kowa a nan yana da wani abu da Allah ya sa a ƙarƙashinsa wanda ba ya fita sai da ɗumin jiki: tsoho, ko yaro, ko aure, ko addu'ar da aka fara aka bari. Waɗannan ba a aika musu da ɗumi a mota. Ubangiji da kansa bai tsaya daga nesa yana aiko mana da saƙo kaɗai ba, ya zo ya zauna a cikinmu, ya taɓa marasa lafiya da hannunsa. Kowa kuma yana da wata magana da ya san dole a yanke, yana ta ce mata "bari mu ga gobe." Ku lura, mutumin nan bai zaɓi mugunta ba. Da ya ɗauki kowace daga cikin hanyoyin nan biyu, da wani abu ya tsira, da kazar ma ta rayu. Ƙin zaɓa shi ya zaɓa masa, ya kuwa zaɓa masa mafi muni. Girmama iyaye ba gaisuwa ba ce da durƙuso. Wani lokaci shi ne ka ɗauke musu kayan da kai ka ɗora.

Bambancina da kazar nan ɗaya ne: Allah ya ba ni baki, kuma ban mutu ba tukuna.

Saboda haka ga hanya biyu, kamar yadda aka ba mutumin. Ko kowa ya ɗauki 'ya'yansa ya tafi da su, ya san yadda zai yi da aiki da haya da makaranta, ni in zauna da mijina. Ko kuwa ɗayanku ya dawo gida, ko ku riƙa karɓa-karɓa, wani ya tsaya a kan babanku da jikinsa, ni in ji da yaran. Kowace tana da ciwo. Ta fari za ta hana ku sakewa, ta biyu za ta sa wani ya bar abin da ya gina, a kuma yi magana a kansa. In kuna da ta uku wadda ba "za a duba" ba ce, ina saurare. Ban zaɓa muku ba, ba kuwa zan zaɓa ba, gama duk wadda na zaɓa, gobe za a ce Mama ce ta kori wani.

Filibus, kai ne babba, kai za ka buɗe magana, amma ba kai kaɗai za ka rufe ta ba. In an tashi daga sujada, kada kowa ya tsaya gaisuwa a bakin ƙofa. Ku wuce gida ku shiga ɗakin babanku ku uku, ku turo ƙofa. Yana ji sarai, bakinsa ne kawai ba ya fita. Ku yanke ta a gabansa. Ni zan riƙe muku yaran a waje har ku fito.